BABBAN ZAUREN LITTLE SODBURY: GIDAN DA AKA TUNA DA YARO MAI BIN GARMA

A yammacin ƙasar Ingila, cikin yankin Gloucestershire, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Little Sodbury, wanda tafiyarsa daga birnin Bristol ba ta kai awa ɗaya a mota ba. A gefen tudun da ke bisa ƙauyen akwai wani tsohon gidan dutse da ya haura shekara 500 a tsaye. Hukumar Ingila ta sa shi cikin aji na ɗaya na gine-ginen tarihi, wato waɗanda ba a yarda a rushe su ko a sāke musu kama ba sai da izini. Har yanzu gidan zama ne, mutane suna kwana suna tashi a cikinsa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwanmu da gidan Bature na can dā? Ruwanmu shi ne, a cikin wannan gida William Tyndale ya zauna daga wajen 1521 zuwa 1523, a nan kuma ya ƙudura niyyar juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen da talakan Ingila yake ji. Mun lura cewa wanda ya gane yadda aka tsara ginin gidan, ɗaki bayan ɗaki, zai fi gane abin da ya dami Tyndale a rai. Saboda haka bari mu zaga gidan tare, daga ƙofa har ƙarƙashin rufi.

GIDAN UBAN ƘASA

A Ingila ta zamanin dā an rarraba ƙasar karkara gunduma-gunduma, kowace gunduma da uban ƙasarta. Shi ke da gonaki da makiyaya da daji, manoma kuwa suna noma a ƙarƙashinsa, suna biyansa da kuɗi ko da amfanin gona ko da aikin ƙarfi. Gidansa shi ne cibiyar ƙauyen. A can ake biyan haya, a can ake zaman shari'ar ƙananan laifofi kamar rikicin iyakar gona da ɓarnar dabbobi, a can kuma baƙo mai daraja yake sauka. Gidan Little Sodbury irin wannan gida ne, kuma a zamanin da muke magana mai gidan shi ne Sir John Walsh, matarsa kuwa Anne, 'yar gidan Poyntz na Iron Acton, wani ƙauye da ke kusa.

An gina gidan da dutsen tuddan Cotswold, wanda launinsa yake kama da na zuma idan rana ta haska shi. Dutsen yana da sauƙin sassaƙa sa'ad da aka haƙo shi, sa'an nan ya yi tauri bayan ya sha iska, shi ya sa magina suka iya yi masa ado a bakin ƙofofi da tagogi. A wannan yanki har rufin gidaje da dutse ake yi. Ana fasa shi fale-fale, a jera manya a ƙasa wajen bakin rufi, ana hawa suna ƙanƙancewa har a kai ƙololuwa. Irin wannan rufi yana da nauyi ƙwarai, don haka dole a tsayar da shi da gangare sosai, a kuma tokare shi da manyan gumagumai. Arzikin da ya gina irin waɗannan gidaje yawancinsa daga ulun tumaki ya fito, gama ulun Cotswold ya yi suna a kasuwannin Turai.

Bisa kan tudun da ke bayan gidan akwai kufan wani sansani na mutanen dā, mai ganuwar ƙasa da kwari kewaye. A nan rundunar Sarki Edward na 4 ta yada zango a 1471 kafin yaƙin Tewkesbury. Tudun yana kāre gidan daga iskar gabas, gabansa kuwa yana duban kwarin kogin Severn.

DAGA ƘOFA ZUWA ZAURE

Mai shiga gidan yana fara ratsa wata 'yar shigifa ta dutse mai ƙofa irin ta bakan gizo. Daga nan ba ya faɗawa cikin babban zaure kai tsaye. Sai ya tarar da kansa cikin wani siririn lungu da ya ratsa ginin daga gaba zuwa baya. A gefe ɗaya na lungun akwai shamaki na katako wanda ya raba shi da zauren, aikinsa kuwa tare iskar sanyi da ke shigowa ta ƙofa. A ɗaya gefen, bisa ga tsarin gidaje irin wannan, akwai ƙofofin ɗakunan hidima: ɗakin ajiye burodi, ɗakin ajiye abin sha, da hanyar zuwa ɗakin girki. Sau da yawa akan nisanta ɗakin girki da sauran gida don tsoron gobara.

Idan mutum ya wuce shamakin nan, ya shiga babban zaure ke nan. Zauren Little Sodbury an gina shi a ƙarni na 15, kuma shi ne sashen gidan da ya fi riƙe kamanninsa na asali. Ba shi da bene a bisansa. Mutum yana ɗaga kai sai ya ga ƙashin rufin gaba ɗaya, manyan katakai da aka lanƙwasa suka haɗu a sama kamar haƙarƙari, da wasu ƙanana da aka gicciya tsakaninsu don kada iska ta karkata ginin. Tsayin nan yana da dalili. A gidajen farko irin wannan, a tsakiyar ɗaki ake hura wuta, hayaƙi ya tashi sama ya fita ta wata kafa a ƙololuwar rufi. Wanda yake so ya ga murhun tsakiyar ɗaki har yau yana nan a babban zauren Penshurst Place, a yankin Kent, wanda aka gina a 1341. Daga baya ne aka koma yin murhu a jikin bango, da bututun da ke fitar da hayaƙi waje.

Akan yi tagogin zaure can sama, nesa da hannun ɓarawo. Gilashi kuwa yana da tsada a lokacin, ba a iya yin babba, sai a haɗa ƙanana-ƙanana da darma. Akan shimfiɗa busasshiyar ciyawar fadama a ƙasa don ɗumi, idan ta yi dauɗa a share a zuba sabuwa.

KOWA DA MAZAUNINSA

A nan ne muke so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Babban zaure ɗaki ɗaya ne, amma yana da kai yana da gindi. Gindinsa shi ne wajen shamakin katako, kusa da ƙofa, inda sanyi yake shigowa, inda barori suke kai da kawowa da akusa. Kansa kuwa shi ne can ƙurya, nesa da ƙofa. A wannan ƙurya akan yi dandamali mai tsayin taki ɗaya, a gicciya babban tebur a kai, mai gida da uwargida da manyan baƙi su zauna suna fuskantar sauran jama'a. Babbar taga mai kawo haske tana wajensu, ɗumin wuta yana wajensu, mazubin gishiri mai ado shi ma a teburinsu ake ajiye shi. Sauran tebura kuwa akan jera su a tsaye bin bango, mutane su zauna a kan benci gwargwadon matsayinsu. Wakilin mai gida yana kusa da dandamali, masu hidimar cikin gida suna biye, har a gangaro zuwa ga masu kiwon dawaki da yaran gona, waɗanda mazauninsu yake bakin ƙofa. Ba sai an gaya wa mutum darajarsa ba. Nisan da ke tsakaninsa da dandamali ya riga ya gaya masa.

Bayan dandamalin akwai ƙofa da ke kaiwa ɗakunan iyali. A ƙasa akwai ɗakin ganawa, a bene kuma akwai ɗakin da za mu iya kira turakar mai gida, inda yake kwana yake kuma ajiye takardu da dukiya. A wasu gidaje akan huda 'yar kafa daga bene zuwa cikin zaure, don mai gida ya riƙa ganin abin da barori suke yi ba tare da sun gan shi ba. A gidan Great Chalfield da ke yankin Wiltshire, wanda aka gina a wannan ƙarni na 15, an sassaƙa wa kafofin nan fuskoki na dutse, mai leƙe yana kallo ta cikin idanunsu. Ɗaya daga cikin fuskokin ta bishop ce, wata kuma ta sarki mai kunnuwan jaki.

Gidan Little Sodbury yana da wata taga mai ado wadda ta turo waje daga jikin bangon bene kamar ƙirjin tantabara. Irin wannan taga tana shigo da haske ta fuska uku, ta kuma ba mai zama ciki damar hangen duk wanda ke tahowa. A bayan gidan kuma, a gindin tudu, dā akwai 'yar majami'a mai sunan Adeline mai tsarki, inda iyalin gidan da mutanen ƙauye suke sujada. A 1859 aka rushe ta, aka sāke gina majami'ar can ƙasa cikin ƙauyen.

MUHAWARA A KAN DANDAMALI

An haifi Tyndale wajen 1494 a wannan yanki na Gloucestershire. Ya yi karatu a jami'ar Oxford, ya sami digiri na farko a 1512, na biyu a 1515, aka kuma naɗa shi firist. Sir John Walsh ya ɗauke shi ya koyar da 'ya'yansa. Yaran ƙanana ne ƙwarai, saboda haka ya sami isasshen lokacin karatu. Bisa ga abin da mutanen wurin suka gāda, ɗakinsa yana can ƙarƙashin rufi, ɗan ɗaki mai katakai a fili, har yau kuma da sunansa ake kiran ɗakin.

A wancan zamani Littafi Mai Tsarki da sujada duka da harshen Latin suke a Ingila, harshen da manomi bai sani ba. Tun dokokin da Akbishop Thomas Arundel ya kafa a 1409, an hana kowa juya Nassi zuwa Turanci sai da izinin bishop. Amma a 1516 wani masani mai suna Erasmus ya buga Sabon Alkawari da Helenanci, harshen da manzanni suka rubuta shi, Tyndale kuwa gwanin Helenanci ne.

Da yake shi malami ne kuma firist, mazauninsa yana kan dandamali. John Foxe, wanda ya rubuta tarihin shahidai a 1563, ya ba da labari cewa manyan shugabannin ikkilisiya na yankin sukan zo cin abinci a teburin Sir John, ana ci ana taɗi a kan Luther da Erasmus da ma'anar Nassi. Idan suka sāɓa da Tyndale, sai ya buɗe littafi ya nuna musu wurin. Abin ya yi ta ci musu rai. Wata rana suka gayyaci mai gida da matarsa liyafa, ba su gayyaci Tyndale ba. Da suka komo gida, uwargida ta tambaye shi ko daidai ne a gaskata shi a bar manyan malamai masu samun fam 100, da 200, da 300. Tyndale bai amsa mata a ranar ba. Ya koma ɗakinsa ya juya wani ɗan littafin Erasmus a kan zaman Kirista zuwa Turanci, ya ba su suka karanta. Daga nan gayyatar manyan baƙin ta ragu, maraba da ake yi musu ita ma ta yi sanyi.

Ba su ƙyale shi ba. An kai ƙararsa gaban John Bell, wakilin bishop na Worcester, wanda ya yi masa faɗa mai zafi ya sallame shi. A cikin kwanakin nan ne, in ji Foxe, Tyndale ya gaya wa wani malami cewa idan Allah ya bar shi da rai, nan da 'yan shekaru zai sa yaron da ke bin garma ya fi malamin sanin Nassi. Mu tuna inda wannan yaro yake zama a cikin zaure. Yana can bakin ƙofa, cikin sanyi, inda muryar masu muhawara ba ta kaiwa, ko ta kai ma da Latin ake jawo ayoyin. Tyndale yana zaune a kan dandamali kowace rana yana hangen wannan benci na ƙarshe. Shi da kansa ya rubuta daga baya, a gabatarwar littattafan Musa da ya buga a 1530, cewa abin da ya gani ne ya tabbatar masa ba za a iya kafa talakawa cikin gaskiya ba sai an sa Nassi a gabansu da harshen da suka sha a nono.

ABIN DA YA BIYO BAYA

A 1523 ya bar Little Sodbury ya tafi Landan neman izini wurin Bishop Cuthbert Tunstall, bai samu ba. Wani attajirin tufafi, Humphrey Monmouth, ya sauke shi a gidansa. A 1524 ya haye zuwa Jamus, bai ƙara taka ƙasar Ingila ba. An fara buga Sabon Alkawarinsa a Cologne a 1525, aka tona asiri, ya tsere da takardun. A 1526 aka gama bugawa a birnin Worms, ƙaramin littafi mai shiga aljihu, 'yan kasuwa suka riƙa ɓoye shi cikin dilolin tufafi suna shigarwa Ingila, hukuma kuwa tana kamawa tana ƙonewa. Daga cikin wannan bugu guda 3 ne kaɗai aka sani sun tsira. Ɗaya yana Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya saye shi a 1994 daga kwalejin Baftis ta Bristol a kan kuɗi fiye da fam miliyan 1.

A 1535 wani mai suna Henry Phillips, wanda ya yi kamar abokinsa ne, ya bashe shi a birnin Antwerp. Aka kulle shi a kurkukun Vilvoorde, kusa da Brussels, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. A cikin watan Agusta na wannan shekara Sarki Henry na 8 da matarsa Anne Boleyn suka sauka a gidan Little Sodbury cikin rangadinsu na yammacin ƙasa. Sa'ad da ake shimfiɗa wa sarki tebur a babban zauren, tsohon malamin gidan yana kwance a ɗakin duhu. Wasiƙarsa ɗaya daga kurkukun ta tsira, a ciki yana roƙon hula mai ɗumi, da riga mai kauri, da fitila, amma abin da ya fi nacewa a kai shi ne a ba shi Littafi Mai Tsarki na Ibrananci da littafin nahawu da ƙamus. A watan Oktoba na 1536 aka shaƙe shi, aka ƙone gawarsa. Shekara 3 bayan haka, a 1539, aka buga babban Littafi Mai Tsarki na Turanci da umarnin sarki don a ajiye a kowace majami'a, aikin Tyndale kuwa yana ciki. Fassarar Sarki James ta 1611 ita ma mafi yawan Sabon Alkawarinta kalmominsa ne.

Ba mu kawo labarin nan don mu tono tsohon miki tsakanin ɗariku ba. Da mulki ya juya a Ingila, 'yan Katolika ne suka shiga ƙunci, har gidaje irin su Harvington Hall suka cika da ramukan ɓoye firistoci a ƙarƙashin matakala da bayan bango. Kowane ɓangare ya zubar da jinin ɗan'uwansa, abin kunya ne gare mu duka. Yau kuwa Katolika da sauran ɗariku kowa yana karanta Maganar Allah da harshensa.

Shi gidan ya ga sauye-sauye. An yi masa ƙari a ƙarnonin da suka biyo, ya lalace a ƙarni na 19, sa'an nan a farkon ƙarni na 20 wani masanin gini, Sir Harold Brakspear, ya gyara shi yana kiyaye kamanninsa na dā. A North Nibley, cikin wannan yanki, an gina hasumiya mai tsayin ƙafa 111 a 1866 don tunawa da Tyndale.

TO, MU FA?

'Yan'uwa, mu ma wasu sun sha wahala kafin Maganar Allah ta zo mana da Hausa. A tsakiyar ƙarni na 19 J. F. Schön ya fara juya sassan Nassi da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu. Dokta Walter Miller ya yi shekaru yana wannan aiki a Zariya, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Ba wanda zai ƙone mu yau don mun riƙe shi.

Amma mu da muke koyar da ajin baftisma mun san abin da muke gani. Akwai gidajen da Littafin yake cikin akwati tare da takardar aure, ba a fito da shi sai ranar Lahadi. Akwai iyaye mata da suka yi shekara 20 suna zuwa sujada, ba wanda ya zauna ya koya musu haɗa baƙi. Akwai majami'un da mai wa'azi yake jero Turanci don a san ya yi makaranta, tsofaffi a benci na baya suna gyangyaɗi. Ranar bikin godiya ko ta tara gudummawa kuwa, sai a ga an jera kujeru masu laushi a gaba don masu hannu da shuni, manomin da ya kawo damin dawa yana tsaye a bakin ƙofa. Ashe mu ma mun gina zaure mai kai da gindi. Manzo Yakubu ya ja mana kunne a kan wannan a sura 2 ta wasiƙarsa, Ubangiji kuma ya yi magana a kan masu neman mazaunin gaba cikin Luka sura 14.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya da zumuntar mata da ta matasa su duba wannan magana. A buɗe ajin yaƙi da jahilci ko da a ƙarƙashin bishiya ne, ko da sau 2 a mako ne. Wanda ya iya karatu ya ɗauki mutum ɗaya ya koya masa kafin shekara ta zagayo. Mai wa'azi kuma, kafin ya hau bagade, ya ɗaga ido ya dubi benci na ƙarshe, ya tambayi kansa ko wanda ke zaune can zai gane abin da zai faɗa.

Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.